Abin da Ke Cikin Duniya

Ba wanda ya taɓa ganin cikin duniya da idonsa. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa yana yankin Kola, a ƙasar Rasha. A shekarar 1989 zurfinsa ya kai mita 12,262, alhali daga doron ƙasa zuwa cibiyar duniya akwai kimanin kilomita 6,371. To, yaya aka san abin da ke ciki?

Girgizar ƙasa ce ta tona asiri. In ƙasa ta girgiza, motsin yakan ratsa cikin duniya, na'urori kuma su kama shi a nesa. Motsin iri biyu ne: ɗaya yana bi ta dutse da ruwa, ɗayan kuwa ba ya ratsa ruwa. Inda na biyun ya ɓace, masana suka gane akwai narkakken abu.

Ta haka aka gano duniya kamar mangwaro take: ɓawo, tsoka, ƙwallo. Ɓawon ba shi da kauri. A ƙarƙashin teku bai cika wuce kilomita 10 ba. Tsokar ta kai zurfin kilomita 2,900. Wasu sukan ɗauka narkakken dutse ce, amma kuskure ne: dutse ne mai ƙarfi, sai dai zafi yana sa shi motsi sannu a hankali. Ƙwallon yawanci ƙarfe ne, kuma bayansa narkakke ne. A 1936 wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano cewa yana da wata ƙwaya a tsakiyarsa. Ƙwayar daskararriya ce duk da tsananin zafi, saboda nauyin da ke danne ta.