Tsarin Cikin Ɗaki a Matsayin Darasin Lisansi: Tambayoyi daga Damagaram

1. Gabatarwa

Wannan kasida ta shafi wani fanni na karatu wanda Faransawa ke kira architecture d'intérieur, da kuma tambayar ko ya cancanci a koyar da shi a matakin lisansi a jami'a irin ta Zinder, wadda aka kafa a 2010, wadda kuma yanzu ke ɗauke da sunan marigayi André Salifou. Za mu fara da bayanin abin da fannin ya ƙunsa a ƙasashen da ya daɗe da zama, sa'an nan mu dawo gida, mu auna shi da abin da ake da shi a Birni da kuma karkarar Damagaram, musamman Dakusa.

Matsala ta farko ita ce suna. Idan aka ce "adon ɗaki", mai saurare zai ɗauka ana zancen labule da fenti da jeren kwanuka, wato abin da Faransanci ke kira décoration. Wannan kuwa ɓangare ne kawai. Mai wannan sana'a shi ke yanke shawarar inda za a tsaga bango a yi ƙofa, faɗin da hanya za ta yi tsakanin gadajen asibiti, ta ina haske zai shigo aji ba tare da ya makantar da ɗalibi daga ganin allo ba, da yadda jama'a za su fice idan gobara ta tashi. Saboda haka muka zaɓi "tsarin cikin ɗaki", da sanin cewa "ɗaki" a nan ya haɗa da ofis da kanti da masallaci. Ba mu ce wannan suna ya gama gamsar da mu ba. Abokan aiki na sashen nazarin harsuna suna iya kawo wanda ya fi shi.

2. Fannin a inda ya samo asali

A matsayinsa na darasin makaranta, fannin bai daɗe ba. A Amurka, makarantar da ake kira Parsons a New York ta fara koyar da shi tun farkon ƙarni na 20, kuma a 1913 Elsie de Wolfe ta fitar da littafin da ya sa masu hali suka fara ɗaukar wannan aiki a matsayin sana'ar da ake biya. A 1970 aka kafa hukumar tantance makarantun da ke koyar da shi, a 1974 kuma aka kafa ta shirya jarrabawar shiga sana'ar. Digirin farko a can shekara 4 ne. A Faransa hanyar ta biyo ta makarantun sana'a ne, irin su École Boulle, wadda aka kafa a 1886 don horar da masu yin kayan katako, da École Camondo, wadda ta zo a 1944. Abin lura a nan shi ne, dokar 3 ga Janairu 1977 ta tsare sunan architecte, ba kowa ke iya ɗaukarsa ba, amma ba ta yi wa architecte d'intérieur irin wannan gata ba. Ƙungiyar masu sana'ar ce ke tantance makarantu da kanta.

A wajenmu, tsarin LMD da ƙungiyar UEMOA ta umurci jami'o'in ƙasashenta su bi tun 2007 ya kayyade lisansi a kan shekara 3, zango 6, kiredi 180. Ke nan duk abin da Amurka ke yi cikin shekara 4, mu sai mun matse shi cikin 3. Abubuwan da ba a iya tsallakewa su ne zanen hannu da na kwamfuta, awo da sikeli, sanin kayan gini, haske da iska da sauti, tarihin gini, dokokin tsaro, lissafin kuɗin aiki, da koyon aiki a wajen masu sana'a. Ginshiƙin karatun kuwa ɗakin zane ne, inda ake ba ɗalibi wani wuri na ainihi, ya auna shi, ya fitar da tsari, ya kafe shi a bango, malamai da ƴan uwansa su yi masa suka a bainar jama'a. Malami ɗaya ba ya iya bin ɗalibai ɗari ta wannan hanya. Duk wanda ya san cunkoson azuzuwan shekarar farko a jami'o'inmu ya san abin da wannan ke nufi ta fuskar kuɗi.

Daga cikin makarantun yankinmu da ke da alaƙa da fannin akwai EAMAU ta Lome, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda sassan tsarin gini, zane-zane da fasahar ƙere-ƙere ke ƙarƙashin tsangaya ɗaya.

3. Abin da Damagaram ta riga ta sani

Kuskuren da za a iya tafkawa shi ne a shigo da manhaja daga Paris ko Lome kamar ana zuba ruwa a tulun da babu kome a cikinsa. Tulun ba fanko ba ne.

Birni ya samu kamanninsa ne a zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), wanda ya kewaye garin da ganuwa, ya kuma mai da shi babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano da Tarabulus. Dukiyar wannan fatauci ita ta gina sorayen Birni da na Zango. Baƙi sukan tsaya a waje su ɗauki hoton zanen bango da zankwaye, su wuce. Amma ga mai nazarin tsarin cikin ɗaki, darasin yana daga bakin ƙofa zuwa ciki. Zaure yana karɓar baƙo, ya tsai da shi. Ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, saboda haka mai wucewa a hanya ba ya hango tsakar gida. Daga nan akwai fili, sa'an nan shigifa, inda sai na kusa ke isa, daga bisani cikin gida. Wato magini ya warware, da laka da karkata ƙofa kawai, matsalar da littattafan Turai ke keɓe wa babi guda: yadda ake raba wurin jama'a da wurin iyali ba tare da an wulaƙanta baƙo ba.

Haka abin yake ga rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Wannan iyaka ita ta daɗe tana kayyade faɗin ɗakin talaka. Don a wuce ta ne magina suka ƙirƙiro bakan gizo, inda ake jera guntayen azara hawa-hawa, kowane ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har gefe biyu su haɗu a sama. Bakuna na gittawa da juna, sai su raba rufin gida-gida, a shimfiɗa azara a tsakani cikin salo iri-iri, a wasu lokuta a kafa kwano ko tasa a mahaɗar. A irin wannan ɗaki ba a iya cewa ga inda gini ya ƙare, ga inda ado ya fara. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a rabin farko na ƙarni na 19, shi ne misalin da aka fi rubutu a kansa: Moughtin a 1985, Dmochowski a 1990, da kundin Hamman Tukur Saad na 1981, wanda ya tambayi maginan da kansu abin da suke kira kyau. Wannan tambaya ta Saad ita ya kamata a maimaita wa maginan Zinder, da Hausa, a rubuta amsarsu da kalmominsu.

Lokaci kuwa ba ya jira. An sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su tun 2006. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta, a watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Zinder, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Ɗakin da ya faɗi ba a auna shi ba, ba a zana shi ba, ya tafi ke nan. Ko da lisansin bai yi kome ba sai tura ɗaliban shekara ta biyu su auna ɗakuna su zana su bisa ƙa'ida, ya biya kuɗinsa.

4. Ɗakin mace, da batun Dakusa

Akwai rabin wannan ilimi da littattafan gini suka yi wa tsallake, domin ba magini ke riƙe da shi ba. Magini yana gama yaɓe ya tafi. Waɗanda ke mai da ɗakin wurin zama su ne mata: su ke yin daɓe, su ke yin jere ranar da za a kai amarya. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki dukiyar mace ce, kuma shaida ce ta yawan mutanen da ke bayanta. Kayan sun sauya, daga ƙorai da tasoshi zuwa kwanukan sha da samira, daga nan zuwa tangaram a cikin kabad mai gilashi, yanzu kuma gado da kujerun da suka cika ɗakin har ba wurin shimfiɗa tabarma. Amma ƙa'idojin jeren suna nan: babba a ƙasa, ƙarami a sama, dama ta yi daidai da hagu, kuma abin da ya fi daraja ya fuskanci mai shigowa. Gwaggon da ake kira don ta iya jere tana aiki da daidaito da maimaici da launi, abubuwan da ake koyarwa a zangon farko na kowace makarantar zane, sai dai ita ba ta kiran su da waɗannan sunaye.

A nan ne batun Dakusa ya shigo. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a arewa da Zinder, cikin gundumar Takeita da aka ƙirƙiro a 2011. A ɗauki misalin ɗaliba da ta fito daga ɗaya daga cikin ƙauyukanta ta ci bakaloriya. Idan manhajar ta ginu a kan falo da kicin irin na mujallun Dubai da Istanbul, abin da za ta koya cikin shekara 3 shi ne cewa ɗakin uwarta ba kome ba ne, kuma aikinta yana Yamai, a gidajen ƴan kasuwa ƙalilan. Idan kuwa aka ɗora manhajar a kan wuraren da jama'a ke amfani da su, aiki na jiran ta a gida. Ɗakin haihuwa na asibitin karkara yana buƙatar wanda zai yi tunanin inda mai jinya za ta kwanta da yadda mace za ta samu sutura daga idon masu wucewa. Ajin firamare mai rufin kwano ba tare da silin ba, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana buƙatar wanda ya san cewa iska mai zafi sama take tashi, kuma ƙaramar taga kusa da rufi tana aikin da babbar taga a ƙasa ba ta yi. Da hunturu matsalar ta juya, sai ta zama ta ƙura. Bangon laka mai kauri yana shan zafin rana ya sake shi da dare. Bulon siminti ba ya yin haka sosai, shi ya sa mai gidan ke komawa ga fanka, a garin da wutar lantarki ba ta tabbata ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗi ba: ɗalibi namiji ba ya shiga ɗakin matar aure da igiyar awo. Binciken cikin gida a ƙasar Hausa aikin ɗalibai mata ne, ko a so ko kada a so, kuma sashen da bai jawo su ba zai ƙare da sanin zaure kaɗai.

Ba muna kiran a koma jiya ba ne. Azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, kuma mutane suna da dalilinsu na gudun yaɓen kowace shekara. Akwai hanyoyi na tsakiya da aka riga aka gwada a ƙasar nan. Shirin gini ba da itace ba, wanda ƙungiyar Development Workshop ta yaɗa tun shekarun 1980, ya horar da magina su rufe ɗaki da tubalin ƙasa zalla. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu a 2018, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse. Mai da masallaci ɗakin karatu, a shigar da kantocin littattafai da bene ba tare da an ɓata bakunan rufin ba, shi ne ainihin aikin da wannan lisansi ke horarwa a kai.

5. Wa zai koyar?

Jami'ar Zinder tana da wasu daga cikin tubalan: sashen tsara ƙasa da birane a IUT, da sassan labarin ƙasa da nazarin zamantakewa. Abin da ya rage shi ne malaman ɗakin zane, kuma a nan ƙa'idodinmu na ɗaukar ma'aikata za su yi karo da gaskiyar fannin. Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama a 1962, aikin da ya samu lambar Aga Khan a 1986, magini ne na gargajiya, ba shi da takardar da za ta ba shi damar tsayawa gaban aji a jami'a. Haka magajinsa na yau yake, haka kafinta da mai walda da tela na Sabon Gari, haka gwaggo mai jere. Idan aka gayyato su sau ɗaya a shekara don a tafa musu, an mai da su abin kallo. A ganinmu, kamata ya yi a ware kiredi sanannu, alal misali zango guda cikin 6, wanda ɗalibi zai yi a hannun magini ko kafinta, a biya mai koyarwar kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, kuma makin da ya bayar ya shiga sakamakon ɗalibi. Wannan yana buƙatar majalisar jami'a ta amince da wani matsayi na ƙwararren mai sana'a, ta kuma yarda a kare aikin ƙarshen zango da Hausa a duk lokacin da magini ke cikin alƙalan.