Olsa ce, in ji wa?

Duk wanda ya yi kukan zafin ƙirji ko ciwon ciki a Kankiya ko Kusada, kafin ya rufe baki an ce masa olsa ce. Mai kemis ya miƙo masa farin magani mai kauri da ƙwayoyin omeprazole, a gida a hana shi yaji da tsami, shi ke nan. Wani lokacin hasashen kan yi daidai. Sai dai gyambon ciki da kansar tumbi a farkonta kukansu ɗaya ne, kuma aman jini na iya fitowa daga gyambo, yana iya fitowa daga jijiyoyin hanyar abinci da suka kumbura saboda hanta ta lalace. Gani ya kori ji, kuma abin da ke gani shi ne na'urar leƙa ciki da likitoci ke kira endoskofi: tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Mutum ya zo da safe bai karya ba, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura, cikin minti 10 zuwa 15 an gama. Likita kan iya tsinko ɗan nama don gwaji, ko ya ɗaure jijiyar da ke zubar jini da 'yar roba, ba tare da an tsaga ciki ba.

Mutanen karkara sun fi kowa bukatar wannan. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano a 1982 har aka ba su kyautar Nobel a 2005, ta fi yaɗuwa inda ruwan sha bai da tsabta, kuma tun 1994 aka sa ta cikin masu haddasa kansa. Ga ciwon hanta nau'in B. Ga kuma maganin gajiya irin su diclofenac da ibuprofen, da manomi ke haɗiya da yamma cikinsa wayam bayan ya wuni a kan fartanya, su kuwa cin bangon tumbi suke yi. Amma mai bukatar a leƙa cikinsa sai ya kama hanyar Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da fargabar kada a ce ya dawo wani mako. Da yawa sai su koma wajen mai kemis.

Maganin wannan ba sayen na'ura a ajiye a kowace ƙaramar hukuma ba ne. Na'urar tana son wuta tsayayya, da ruwa mai tsabta, da sinadarin da za a jiƙa ta bayan kowane majinyaci. In aka yi sakaci da wanki, ita da kanta za ta ɗauki cuta daga cikin wani ta kai wa wani. Hannun likita ma sai da yawan yi yake faɗawa. Abin da ya fi dacewa shi ne Babban Asibitin Kankiya, da yake a bakin titin Kano zuwa Katsina, ya ware ɗaki guda da sola da tankin ruwa da ma'aikatan jinya da aka horar kan wanki, ƙwararren likita kuma ya riƙa zuwa da na'urarsa a tsayayyar rana kowane wata. Ƙananan asibitocin Kusada da Ingawa su ne za su tace: mai aman jini, mai baƙin bayan gida, wanda abinci ke maƙale masa, mai ramewa ba dalili, dattijon da ciwon ya fara masa kwanan nan. Makarantar Koyon Aikin Lafiya tana nan Kankiya, ba wuya a cusa wa ɗalibanta waɗannan alamu.

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kashe mutane, kuɗin a kai can. Gaskiya ne sun fi, shi ya sa ma ba a ce a leƙa cikin kowa ba. Matashin da ba shi da waɗancan alamu gwajin bayan gida na neman waccan ƙwayar cuta da maganin mako biyu sun ishe shi. Amma a lissafa ledojin jinin da ake ƙara wa mai amai, a sallame shi, ya dawo bayan wata uku ba a san inda jinin ke fita ba. Wannan ma kuɗi ne, daga rumbun iyali yake fita. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wanda jini ya ɓalle masa da dare ba zai jira ranar likita ba. Shi kam sai ƙarin jini da motar asibiti zuwa Katsina. Ranar wata-wata ta wanda ya taɓa yi ya tsira ce, a ɗaure masa jijiyar kafin ta sake fashewa. Naman da aka tsinko kuwa dole a san wanda zai kai shi ɗakin gwaji da wanda zai kira majinyaci in sakamako ya fito, kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, KATCHMA, ta sa kuɗin aikin cikin abin da take biya wa talaka.