Furfura da Rini: Shin Launin Gashi Yana da Shekaru?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A watan Mayun 2023, wajen bikin finafinai na garin Cannes a ƙasar Faransa, wata dattijuwa 'yar Ingila mai suna Helen Mirren ta fito gaban masu ɗaukar hoto da gashinta a rine shuɗi, tana da shekara 77 a duniya. Tun a 2013 ta taɓa halartar wani bikin ba da kyaututtuka a Landan da gashi ruwan hoda. Hotunan nan sun zagaya duniya, wasu suna yabawa, wasu suna cewa tsohuwa ta ƙi tsufa. Akwai irinta da dama. Zandra Rhodes, mai tsara tufafi da aka haifa a 1940, ta haura shekara 40 da gashi ruwan hoda. Vivienne Westwood, wadda ta rasu a 2022 tana da shekara 81, ta daɗe ana saninta da gashi ruwan lemo. A Amurka kuwa akwai Rosa DeLauro, wadda ta shiga majalisar wakilai a 1991, aka kuma santa da tsilli-tsillin shunayya a gashinta. A ɗaya gefen ga Christine Lagarde, Bafaranshiyar da ta shugabanci Asusun Ba da Lamuni na Duniya daga 2011 zuwa 2019, wadda ta bar furfurarta fara sol, ta zauna da shugabannin duniya a haka.

Waɗannan mata suna wata ƙasa, suna bin wata al'ada. Amma talabijin da wayar hannu sun shigo da hotunansu tsakar gidajenmu, 'ya'yanmu mata suna gani, iyayenmu mata suna ji, kuma kwalayen rinin gashi sun cika kasuwanninmu. Saboda haka tambayar ta iso gare mu: shin ya dace da mace mai shekaru ta sauya launin gashinta zuwa wanda ido bai saba ba?

Abin da ido ya saba

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau mu waiwaya baya. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya sauka Kano a 1824, ya rubuta cewa ya tarar matan ƙasar suna rina gashinsu shuɗi da baba. Wannan shi ne shunin da kakanninmu mata suke shafa wa kitso, kamar yadda suke jajanta haƙora da fure da goro. Ashe shuɗin gashin da muke kallo a matsayin baƙon abu daga Turai, shekara ɗari biyu da suka wuce ado ne na matan kirki a ƙasar Hausa. Har gobe kuma muna ganin dattawa da gemu ja wur saboda lalle, ba mai yi musu dariya, sai ma ƙarin girmamawa.

Rinin zamani na cikin kwali bai daɗe ba. A 1907 ne wani masanin haɗa magunguna Bafaranshe, Eugène Schueller, ya fito da nasa haɗin, a 1909 ya kafa kamfanin da daga baya ya zama L'Oréal. Tun daga nan tallace-tallace suka yi ta cusa wa mata cewa furfura aibi ce da ake ɓoyewa, har baƙin rini ya zama shi ne abin da aka saba, sauran launuka suka koma abin mamaki.

Abin da malamai suka ce

A nan ne lamarin zai ba mai karatu mamaki, domin launin da jama'a suke ɗauka mafi kamala shi ne wanda malamai suka fi yin magana a kansa. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sauya wannan fari, tare da nisantar baƙi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar yana rini da lalle haɗe da katam, wani tsiro da ake samu a Yaman, Sayyidina Umar kuwa da lalle zalla.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa rina gashi baƙi makaruhi ne da bai kai haramun ba, lalle da katam kuwa babu laifi. Imamun Nawawi na Shafi'iyya ya fi tsanantawa, ya rinjayar da haramcin baƙin. Inda babu saɓani shi ne idan an yi baƙin rinin don yaudara, misali a ɓoye wa mai neman aure shekaru. Sannan an hana tsige furfura, domin hadisi ya siffanta ta da haske ga Musulmi.

Mu lura da hikimar da ke ciki. Baƙin rini yana ɓoye tsufa, ja da rawaya kuwa ba sa ruɗin kowa, duk wanda ya gani ya san furfura ce aka yi wa ado. Shari'a ba ta sanya wata shekara da mace za ta kai a ce ta daina kwalliya a ɗakinta ba. Uwargida mai jikoki tana da haƙƙin ta gyara kanta, ta yi lalle, ta yi kyau a idon maigidanta da idon kanta, kuma wanda ya yi mata ba'a a kan haka shi ne ya yi rashin ladabi.

To, shuɗi da kore da ruwan hoda fa? Asalin ado halas ne, sai dai malamai suna auna shi da ma'auni biyu. Na farko shi ne shahara: hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito ya yi gargaɗi ga mai sanya tufafin neman a nuna shi da yatsa, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa wannan zuwa sauran ado. Na biyu shi ne al'adar wuri, da gudun kwaikwayon mutanen da aka sani da fitsara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zandra Rhodes sana'arta ce jawo ido, gashinta tamkar allon shagonta ne. Malamar Islamiyya ko shugabar ƙungiyar mata a garinmu kuwa, jarinta shi ne a saurari maganarta. Gashin Musulma a rufe yake a gaban maza, ko tana majalisa ko tana talabijin, don haka tata tambayar tana tasowa ne a cikin gida da wajen taron mata, biki ko suna. A can ma sai ta duba: wannan launi zai ƙara mini kyau ne, ko zai sa a manta da abin da na zo faɗa?

Lafiyar kai da gashi

Gashi yana yin fari ne idan ƙwayoyin da ke samar da launi a gindinsa suka daina aiki. Wannan ya sa farin gashi ya fi saurin nuna launi mai haske, alhali yarinya mai baƙin gashi sai an fara kashe baƙin da sinadari mai ƙarfi kafin shuɗi ko ruwan hoda ya fito. Wannan kashewar tana busar da gashi, tana karya shi, balle wanda aka riga aka sa wa man miƙarwa. Ke nan haɗarin ya fi yawa ga 'yan matan da suke kwaikwayo a kan tsofaffin da ake kwaikwaya.

Baƙin rini ma yana da nasa. Yawancinsa yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda kan jawo ƙaiƙayi, ƙuraje, wani lokaci kumburin fuska. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa, sun kuma hana a zana shi a fata. Shi ne ake zubawa a abin da ake kira baƙin lalle don ya yi saurin kamawa. A Sudan da Maroko likitoci sun sha karɓar waɗanda suka haɗiye shi, maƙogwaro ya kumbura, ƙoda ta tsaya. Don haka a ajiye shi nesa da yara, a kuma ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a shafa wa kai. Lallen gargajiya na ganye launinsa ja ne ko ruwan goro, wanda ya fito baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci an yi masa haɗi. Ta fuskar tsarki kuma, launin da ya shiga gashi ba ya hana alwala ko wanka, abin da ake kawarwa shi ne duk wani abu mai kauri da zai tare ruwa.

Nasiha ga gida

Mai yi wa tsohuwa dariya don ta rina gashinta, da mai matsa mata ta baƙanta shi don kada a ga furfura, duk sun taru a kan raina tsufa. Sau nawa aka tsaya ana tattauna baƙin rinin da manyan maza 'yan siyasa suke yi? Amma mace ta fito, sai a bar aikinta a koma kan gashinta. Wannan rashin adalci ne, bai kamata mu koya wa 'ya'yanmu shi ba.

Ya ke uwa, idan kin bar furfurarki, kin bar haske. Idan kin yi mata lalle, kin bi sawun magabata. Idan ranki ya so wani launi a cikin ɗakinki, sai ki duba niyyarki da lafiyarki da al'adar mutanenki, ki kuma tambayi malami idan kin yi shakka. Ku kuma 'ya'ya da surukai, ku saya wa iyayenku lalle mai kyau, ku zauna ku shafa musu, ku ji hirarsu, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya sa mu tsufa cikin mutunci da imani, Ya jiƙan iyayenmu. Allah ne Mafi sani.