Zaɓen Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara Na Tarakta

Injin kwashe dusar ƙanƙara da ake ɗaura wa tarakta ya zama dole ga gidaje da yawa a karkarar Kanada da arewacin Amurka, inda dusa kan rufe hanyar shiga gida cikin dare ɗaya. Yawancinsu aiki biyu suke yi: murɗaɗɗen ƙarfe ya farfasa dusar ya tattaro ta, sannan fanka ta cilla ta gefe ta bututu.

Ƙarfin taraktar ake fara dubawa. Injin yana samun juyi daga sandar bayan tarakta, wadda galibi ke juyawa sau 540 a minti, kuma idan ya fi ƙarfin taraktar zai riƙa shaƙewa da jiƙaƙƙiyar dusa. Faɗinsa ya kamata ya zarce na tayoyin baya, in ba haka ba za su danne abin da ya rage ya daskare.

Wanda ake ɗaurawa a baya ya fi araha, sai dai direba da baya yake tuƙi, wuya a karkace. Na gaba ya fi daɗin aiki, ya fi tsada. A hanyar tsakuwa ana ɗaga bakin injin kaɗan, don kada ya harba duwatsu.