Iskar Ruɓaɓɓen Ƙwai da Tsufan Jiki

Masu yashe salga da tsofaffin rijiyoyi sun san warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma suna tsoronsa. Iskar haidirojin salfaid ce. Idan ta yi yawa, tana hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin, mutum ya sulale a cikin rami ko ihu bai yi ba. Sai ga shi a 1996 Kazuho Abe da Hideo Kimura sun nuna cewa ƙwaƙwalwa da kanta tana haɗa wannan iska, 'yar kaɗan, don aikin jijiyoyinta. Daga baya aka gane hanta, ƙoda da hanyoyin jini ma suna yin ta, daga sistin, wani sinadarin gina furotin mai ɗauke da farar wuta.

To mene ne haɗinta da tsufa? Duk lokacin da ƙwayar jiki ta ƙona abinci da oksijin, wasu burbushin oksijin masu zafin nama kan kuɓuce su afka wa furotin, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wurin da suka fi kai wa hari shi ne farar wutar da ke jikin sistin. Idan ɓarnar ta yi nisa a nan, ba ta gyaruwa, furotin ya tashi aiki ke nan. Abin da iskar ke yi shi ne ta liƙa ƙarin farar wuta guda a kan ta asali. Hari ya zo, sai ta saman ta sha wuyar, jiki ya cire ta, furotin ya koma bakin aiki lafiya lau. A 2019 ayarin Milos Filipovic ya gano cewa wannan kariya tana raguwa yayin da dabba ke manyanta. A ganina nan ne zuciyar maganar take.

Akwai shaidu daga wasu ɓangarori. A 2007 Dana Miller da Mark Roth a birnin Siyatil na Amurka sun raini ƙananan tsutsotsi cikin iskar daidai gwargwado, suka fi 'yan uwansu tsawon rai. A 2008 aka ga ɓerayen da aka hana su haɗa ta a hanyoyin jini sun kamu da hawan jini. A 2015 kuma James Mitchell na Jami'ar Habad ya nuna cewa amfanin rage cin abinci ga ɓeraye yana tafiya ne da ƙaruwar iskar a hantarsu. Hatta tafarnuwa, jajayen ƙwayoyin jini suna juya sinadaranta zuwa wannan iska.

Sai dai kada mai tallar magani ya ruɗe ka: tsutsa da ɓera ba mutum ba ne, kuma tazarar da ke tsakanin amfani da guba siririya ce ƙwarai. Shi ya sa masana suka dukufa kan magungunan da ke sakin iskar sannu a hankali, irin su AP39 na Jami'ar Eksita a Ingila da kuma GYY4137, waɗanda har yanzu a ɗakin gwaji ake aiki da su.