Ajiya a Nesa, Makulli a Hannu

Duk wanda ya tashi a Djougou ko Parakou ya ji labarin fataken goro da suke ratsowa ta nan daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Bafatake yakan bar kayansa wurin maigidansa a zango, ya yi watanni, ya dawo ya tarar da abinsa. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana.

To, yau fa a ina muke ajiya? Mu Hausawan Pélébina da kewaye, mai sayen kashu, mai awon masara, da ma'ajin ƙungiya, lissafinmu ya koma cikin waya da kwamfuta. Sunayen masu bashi, hoton takardar fili da ta haihuwa, duk suna cikin na'ura ɗaya. Ranar da ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, sai salati. Ba mu manta da gobarar kasuwar Dantokpa ta Kwatano a 2015 ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Akwai magani, kuma kyauta ne. Wata manhaja ce mai suna Duplicati, wadda Kenneth Skovhede, mutumin Denmark, ya fara a 2008. Irinta su ne Duplicity, restic da BorgBackup. Dukansu rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowane masani yana iya dubawa ya ga ko an ɓoye wata mugunta a ciki.

Ga yadda Duplicati take aiki. Za ka sa ta a kwamfuta, ka nuna mata takardun da kake son tsarewa, ka ba ta kalmar sirri, ka yanka mata lokaci, misali kowane dare bayan isha'i. Lokacin na yi, ita da kanta za ta tattara su, ta kulle da tsarin AES-256, sannan ta aika ta intanet zuwa ma'ajiya irin su Google Drive ko Dropbox. Tun kafin su bar ɗakinka a kulle suke. Wato maigida yana riƙe da akwati, amma makulli yana aljihunka. Aikawar farko ce mai cin kuɗin intanet. Bayan nan abin da ya canza kaɗai take turawa. Google yana bai wa kowa gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun ɗan kasuwa. Abin da ke cikin waya kuwa, sai an fara juye shi a kwamfuta. Wanda ba shi da ita, sai ƙungiya ta tanadi guda ɗaya, kowa da kalmarsa.

Amma jama'a, a kula da abu uku. Na farko, wanda ya manta kalmar sirrinsa ya yi asarar ajiyarsa, domin ko waɗanda suka ƙera manhajar ba za su iya buɗewa ba. A rubuta ta a takarda, a bai wa amintacce ɗaya, saboda mutuwa ba ta sallama, kada magada su rasa hakkinsu. Na biyu, ma'ajiyar nesa ma tana ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiya na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, mutane da yawa suka rasa bayanansu. Saboda haka a ƙara wani kwafi a faifai a gida. Na uku, lokaci-lokaci a gwada dawo da takarda ɗaya, a tabbatar ajiyar tana nan.

Muna kira ga 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Parakou, idan sun zo hutu su zauna da iyayensu su ɗora musu wannan tsari. Aikin yini ɗaya ne. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.