Waƙoƙin ƴan ci-rani: yadda faifan "The Ghost of Tom Joad" ya raba kan masu saurare

A watan Nuwamba na 1995, shahararren mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya fitar da wani faifai mai waƙoƙi 12 da ya sa wa suna "The Ghost of Tom Joad", wato fatalwar Tom Joad. Masoyansa sun saba ganinsa a filayen ƙwallo, da ganguna da amo mai girgiza ƙasa. A wannan karo sai suka ji mutum ɗaya riƙe da jita, yana waƙa ƙasa-ƙasa kan manoman da suka rasa gona da baƙin da ke neman abin kai wa baka. Wasu suka yaba, wasu suka juya baya. Labarin da ya haifi faifan kuwa ba zai zama baƙo ba a kunnen mutumin Baudeta, ko Tasawa, ko Mayahi, inda kusan kowane gida ya san ci-rani.

Wane ne Tom Joad?

Tom Joad tauraro ne a littafin "The Grapes of Wrath" na marubuci John Steinbeck, wanda ya fito a 1939. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun san shi da sunan "Les Raisins de la colère". Littafin ya ba da labarin wani iyali na manoma a jihar Oklahoma a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki. Bankuna suka ƙwace filaye, iyalin suka ɗora tarkacensu a tsohuwar mota suka nufi California, inda aka ce akwai aikin tsinkar ƴaƴan itace. Da suka isa, sai suka tarar da dubban irinsu suna rububin aiki ɗaya, lada kaɗan, ga wulaƙancin ƴan gari.

Tun daga farko littafin ya tayar da ƙura. A watan Agusta na 1939, hukumomin gundumar Kern a California suka hana ajiye shi a makarantu da ɗakunan karatu, manyan masu gonaki kuma suka ce ƙarya ce aka shirga musu. Duk da haka ya samu kyautar Pulitzer a 1940, kuma a shekarar ce John Ford ya mayar da shi fim.

Daga takarda zuwa waƙa

Ba Springsteen ne ya fara ɗaukar labarin ba. A 1940, Woody Guthrie, mawaƙin gargajiya ɗan asalin Oklahoma wanda ya ga guguwar da idonsa, ya fitar da "Dust Bowl Ballads". A ciki akwai waƙar "Tom Joad", wadda ta taƙaita labarin gaba ɗaya, har sai da aka raba ta gida biyu don tsawonta. Faifan bai yi kasuwa ba a lokacin. Sai daga baya, musamman bayan da kamfanin Folkways ya sake fitar da shi a 1964, matasan mawaƙa suka rungume shi.

Springsteen kuwa ya bayyana cewa fim ɗin John Ford ne ya fara shigar da shi labarin. Abin da ya yi shi ne ɗauko Tom Joad ya ajiye shi a Amurkar 1995. Waƙar "Youngstown" ta yi magana kan garin da masana'antun ƙarfe suka rufe suka bar ma'aikata a titi. "Sinaloa Cowboys" labarin wa da ƙane ne daga Meziko da suka bar aikin gona suka shiga haɗa miyagun ƙwayoyi, wuta ta tashi, babban ya binne ƙaramin. Faifan ya fito shekara ɗaya bayan da masu zaɓe a California suka amince da dokar da ake kira Proposition 187, mai neman hana baƙi marasa takardu makaranta da asibitin gwamnati.

Me masu saurare suka ce?

Alƙaluman kasuwa sun nuna sanyin jiki. Faifan ya tsaya a matsayi na 11 a jerin Billboard na Amurka, alhali "Born in the U.S.A." na 1984 ya hau na ɗaya kuma an sayar da miliyoyinsa. Ƙorafin da aka fi ji shi ne waƙoƙin sun yi kama da juna, muryar ta yi ƙasa, babu abin rawa. Wasu kuma suka tambaya ko ya dace attajiri irinsa ya riƙa rera kukan talaka.

Masu yabo suka ce ai da gangan ya rage kiɗan, domin a ji maganar. A zagayen da ya yi daga 1995 zuwa 1997, ya bar filayen ƙwallo ya koma ƙananan zauruka, yana roƙon jama'a su yi shiru yayin da yake waƙa. Wannan ma ya ɓata wa wasu rai, don sun biya kuɗi ne su yi ihu da tafi. A 1996 aka ba shi lambar yabo mai sunan John Steinbeck a jami'ar San José, shi ne na farko da ya karɓe ta. A 1997 faifan ya ci kyautar Grammy a rukunin waƙoƙin gargajiya na zamani.

Akwai kuma waɗanda suka ga saƙon ya yi daidai amma sanyin ya yi yawa. Ƙungiyar Rage Against the Machine ta sake rera waƙar da ke ɗauke da sunan faifan cikin fushi da ƙarar jita, ta kai ta kunnen matasan da ba su taɓa buɗe littafin ba. Daga baya makaɗin jitar ƙungiyar, Tom Morello, ya riƙa hawa dandali tare da Springsteen, suka sake naɗar waƙar a faifan "High Hopes" na 2014.

Ina ruwan mai sauraro a jihar Maradi?

Dattawan yankin ba su manta farin 1973 zuwa 1974 ba, haka na 1984 zuwa 1985, wanda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Har yau, da an gama girbi, samari kan kama hanyar Katsina da Kano, wasu su tsallaka sahara zuwa Libiya ko Aljeriya. Alkawarin aiki da ake ji daga nesa, da ladan da ke raguwa idan hannaye sun yi yawa, da kallon raini da ake yi wa baƙo, duk abubuwa ne da Steinbeck ya rubuta kuma ɗan ci-rani ya sani a jikinsa.

Salon waƙar ma sananne ne a ƙasar Hausa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa kaɗai, ya yi wa karen mota da sauran masu ƙaramin ƙarfi waƙa, jama'a kuma suka saurara saboda maganar. Haka nan littafi yakan isa ga mutane ta wata hanya dabam da karatu. Abdoulaye Mamani ya wallafa "Sarraounia" a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, kuma da yawa sun san sarauniyar Lugu ba tare da sun riƙe littafin ba.

Abin da tarihin faifan Guthrie da na Springsteen ya nuna shi ne, yadda mutum ke karɓar irin wannan waƙa ya danganta da abin da ya zo nema. Wanda ya zo nishaɗi yakan gaji da wuri. Wanda ɗan'uwansa ke bayan iyaka yana jiran a biya shi ladan wata uku, shi yakan tsaya har ƙarshe. Faifan biyu ba su yi kasuwa yadda aka so ba a shekarar fitowarsu, amma har yanzu ana sake buga su, ana kuma rera waƙoƙinsu.